Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa: da wane kiɗa ake huce gajiya?

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 bayan sallar isha'i, tun daga Gidan Rumji, ya ratsa ta Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Caduwa da Agye har ya kai Gazawa, abu guda zai riƙa cin karo da shi a ƙofar gidaje da bakin shaguna: magidanci kishingiɗe bisa tabarma, salula ko ƴar rediyo a gefensa tana ta yi. Ko dai ɗan kasuwa ne da ya wuni yana ciniki da jayayya, ko malamin lakwal da ya wuni yana ɗaga murya gaban yaran da suka fi ƙarfin aji, ko ma'aikacin biro, ko malamin asibiti da ya sauka daga aiki. In an tambaye shi abin da yake yi, zai ce gajiya yake hucewa. Sai dai sau da yawa abin da ke fitowa daga salular nan tun asali ba domin hutu aka yi shi ba, shi ya sa mutum kan kwanta da kiɗa, ya tashi da gajiyarsa har da ƙari.

Gajiya iri-iri ce. Manomin da ya wuni yana haƙar aya a gonakin Caduwa, ko yana noman gero a tudun Gangara, jikinsa ne ya gaji. Da zarar ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, barci ba ya neman izininsa. Gajiyar ɗan kasuwa da ta ma'aikaci kuwa a ka take zama. Jiki yana kwance, amma lissafi bai kwanta ba: bashin da aka karɓa ba a biya ba, kayan da suka maƙale a hannun ƴan duwan, canjin naira da ya juya da rana tsaka, albashin da ya ƙare tun wata bai raba ba. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin irin wannan gajiya. Dattawa ba su manta da ranar 12 ga Janairu 1994 ba, da aka wayi gari an karya darajar kuɗin sefa da rabi, a shekarun da ma'aikatan gwamnati kan yi watanni suna jiran albashi. Na bayansu sun ga rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'annan takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka sake toshe hanyar Ɗan Isa da Jibiya, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke shigowa daga Katsina ta tashar Gazawa, wadda Maraɗi da Damagaram suka dogara da ita. Ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairu 2024. A gundumar Gidan Rumji kuma akwai damuwar da ta fi ta kuɗi nauyi, domin tun 2019 dubban ƴan gudun hijira suka kwararo daga jihohin Sakkwato da Zamfara, har aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Shadakori, kuma ƴan bindigar da suka koro su ba su san iyaka ba.

Mutumin da ke ɗauke da irin wannan kaya, abin da ya zuba wa kunnensa a sa'ar ƙarshe kafin barci ba ƙaramin abu ba ne.

Kowane kiɗa da ubangidansa

A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce, kuma kowace ganga da mutanenta. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma ranar gayya, komo na maharba, tambari da kakaki da algaita kuwa na sarki. Aikin mafi yawansu guda ne, wato zuga. Makaɗi yakan kira sunan mutum, da na ubansa, da na kakansa, ya tuna masa abin da suka aikata, har tsikar jikinsa ta tashi ya yi abin da da can ba zai iya ba: ya kai ƙarshen kuyya kafin abokin gayya, ya faɗa fage gaban wanda ya fi shi ƙarfi, ko ya zura hannu aljihu ya yi kyautar da gobe zai cije yatsa a kanta. Wannan ita ce gwanintar makaɗan Hausa, kuma ita ce abin da mai neman barci ya kamata ya yi hattara da shi.

A ɗauki Ɗan Anace. Waƙoƙinsa na noma da na dambe, musamman waɗanda ya yi wa Shago, har gobe suna cikin salular dattawa da yawa, kuma ba mai musun iyawarsa. Amma an yi su ne domin na zaune ya miƙe tsaye. Haka kiɗan kokowa yake. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa cikin 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kiɗan fage da kirarin ƴan kokowa suka shiga jinin ƴan Nijar. Wanda ya saurare su da ƙarfe goma na dare, jikinsa zai ɗauka fage za a shiga, alhali shimfiɗa ce ke jiransa. Waƙoƙin siyasa kuwa, waɗanda suka yi yawa tun da babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu, ba sai an daɗe a kansu ba: habaici ne da zambo, kuma ba a taɓa jin wanda zambo ya kwantar wa hankali ba, ko da kuwa abokin hamayyarsa ake yi wa.

Maganar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ta fi wannan wuyar yankewa. Shi ne abokin hirar ƴan kasuwa da direbobi a kowace tasha ta ƙasar Hausa. Muryarsa ba ta gaggawa, amshin yaransa yana zuwa yana komawa kamar numfashi, kuma yana da waƙoƙi masu tsawo da mutum kan lula cikinsu ya manta inda yake. Sai dai kaso mai yawa na waƙoƙinsa yabon masu hannu da shuni ne: wane ya ba da mota, wane ya ba da doki da riga, wane ya biya kujerar Makka. Ranar da kasuwa ta yi kyau, jin wannan yabo daɗi ne, mutum har yakan ga kamar da shi ake. Ranar da aka tafka asara kuwa, kowane alhaji da Shata ya ambata sai ya zama ma'aunin da mai sauraro ke auna kansa da shi, ya ga bai kai ba. Shata bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Mai sauraro ne ya kamata ya san irin ranar da ya wuni kafin ya danna.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne zaton cewa duk kiɗa mai taushin sauti hutu ne. Baƙon da ya ji goge daga nesa cikin dare zai ce ba abin da ya fi shi sanyaya rai. Amma a kwarin Gulbin Maraɗi goge da ƙwarya da garaya kayan bori ne. A Tsibiri, garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa a 1836, Inna ce a al'adance ke riƙe da ragamar ƴan bori, kamar yadda Iya ke riƙe da ita a Maraɗi. Wani Bajamushe masanin kiɗa, Veit Erlmann, ya zauna da makaɗan borin wannan yanki, ya wallafa bincikensa a 1982. Abin da ke ciki sanannen abu ne ga tsofaffin Tsibiri: kowane iska da takensa, kuma da taken ake kiransa. Marigayi Sa'adu Bori, ɗan Maraɗi, irin waɗannan take ne ya ɗauka ya sa musu jita da gangunan zamani, har faifan Niamey Twice da suka yi da Musa Pusi a 1994 ya kai shi Turai. Saboda haka sauti guda ne wani zai ji ya yi gyangyaɗi, wani ya ji gabansa ya faɗi, domin ya tuna masa girkar da aka yi wa gwaggonsa yana yaro, ko wa'azin da ya ji a kan masu yin ta. Kunne ba ya jin kiɗa shi kaɗai, da tarihin mai shi yake ji.

Abin da likitoci suka auna

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda in yana zaune. A 2006 wani likita na jami'ar Pavia ta ƙasar Italiya, Luciano Bernardi, shi da abokan aikinsa, suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar likitocin zuciya mai suna Heart. Mutum 24 suka tara, rabinsu waɗanda suka koyi kiɗa, rabi kuwa ba su koya ba. Suka riƙa sa musu kaɗe-kaɗe iri dabam-dabam, na gargajiyar Turai, na Indiya, da na rawar samarin zamani, suna auna numfashinsu da bugun zuciya da hawan jini. Suka tarar saurin kiɗa shi ne ke jan jiki fiye da irinsa: in kiɗa ya yi sauri, numfashi da bugun zuciya su bi shi, in ya lafa su lafa. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne shirun minti 2 da suka saka tsakanin kaɗe-kaɗen. A cikin wannan ɗan shiru ne jiki ya fi saki, har awon ya sauka ƙasa da yadda yake tun kafin a kunna komai.

Mutum 24 ba su da yawa, kuma a ɗakin gwaji suke kwance, ba mai bin su bashi. Duk da haka rabin abin da aka gano makaɗan noma sun riga likitoci saninsa, shi ya sa suke ƙara wa ganga wuta da zarar sun ga hauya ta fara nauyi a hannun ƴan gayya. Wanda ke son ya gwada da kansa ba ya bukatar na'ura. Ya ɗora yatsa a jijiyar wuyan hannunsa, ya saurari kiɗan da ya kunna. In kiɗan yana tsere wa bugun jijiyar, kuma ƙafa ta fara kaɗawa ba da izininsa ba, to wannan na safe ne, ko na direban da ke tsoron barci ya sace shi tsakanin Agye da Tasawa. Shi direba, a bar shi da Ɗan Anace, hutunsa yana gaba.

Tsirkiya da murya guda

In ana neman kiɗan da ke rage wa jiki gudu, wajen masu tsirkiya ya fi kyau a fara dubawa, inda mutum guda ke zaune da ɗan abin kiɗansa, ba taron ƴan amshi, ba ganga biyar. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa yana cikin waɗanda suka fi dacewa da dare. Ga kuma Malam Mamman Barka, wanda ya kamata ma'aikata su ji shi a jikinsu, domin malamin lakwal ne kafin gurumi ya ɗauke shi. Daga baya, a 2002, ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun tsohon gwaninsa Bukar Tar, don kada ya ɓace. Ya rasu a 2018, amma abin da ya bari yana nan ga mai nema.

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sai an ɗan yi masa tsinkaye. Kuntiginsa ƙarami ne, tsirkiya ɗaya tak, sautinsa ba ya cika ɗaki, amma hannunsa yana da sauri, kuma bakinsa ya fi hannun kaifi. Waƙar Karen Mota tana sa dariya da tausayi a lokaci guda, wannan kuwa magani ne ga wanda ya wuni fuska a ɗaure. Amma mutumin da amininsa ya ci masa amana da rana, in ya kunna Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali da dare, ya ƙara wa wuta itace ne. Zai kwana yana gyaɗa kai yana tuna fuskar wanda ya cuce shi.

Ga Gobirawan Tsibiri da Gidan Rumji akwai wani abin da na Kano ba zai ji daɗinsa kamar su ba, wato Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Gaskiya ne kiɗan fada ne, kuma shi ma zuga ce. Amma zuga ce ta sarkin da ya daɗe da barin duniya, ba wanda zai kwanta yana auna arzikinsa da nasa. Tafiyar kotso tafiyar doki ce mai kayan ado, ba ta garaje. Sa'annan Hausar Narambaɗa Hausar gida ce, irin wadda mutum ya ji a bakin kakarsa, cike da azancin da sai an tsaya an warware shi. Hankalin da ya shagala da warware magana mai zurfi ya saki lissafin bashi ke nan, ko da na rabin sa'a ne. A nan ne tsofaffin makaɗan fada, har da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, suka yi wa na zamani nisa.

Wani lokaci kuwa maganar ce gaba ɗaya ba a so. Malamin da ya wuni cikin hayaniyar yara, ko ma'aikacin da ya wuni sauraron koke-koke, kunnensa ya ƙoshi da Hausa da Faransanci duka. Irin wannan sai ya nemi abin da ba ya ce masa komai. Sarewar Fulani makiyaya, wadda mutanen bakin Gulbin Kaba suka saba ji da maraice, tana cikin faya-fayan ƙungiyar Mamar Kassey a bakin Yakuba Mumuni, ko da yake wasu waƙoƙin nasu na rawa ne, sai an tsince. Daga Mali akwai faifan In the Heart of the Moon na 2005, inda Ali Farka Ture da jita, Tumani Jabate da kora mai tsirkiya 21, suke hira da yatsu, kusan ba waƙa a ciki. Tsofaffin waƙoƙin Indiya na Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi ma, waɗanda dattawan yau suka sani tun zamanin silima, wani ɓangare na daɗinsu shi ne ba a jin abin da suke faɗi. Rumbar Kwango ta su Franco, wadda tsofaffin ƴan makarantar Yamai ke ji da ita, a ajiye ta sai ranar Asabar.

Waƙoƙin fim da na soyayya na Kano su ne suka fi yawa a salular matasa, kuma Maraɗi tana da hannu a ciki, tunda Fati Nijar ƴar garin ce. Cikin waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Sharif akwai masu sanyi ƙwarai, wanda ya ce babu bai saurara ba. Aibinsu ga mai neman barci biyu ne. Kiɗan fiyano na'ura ce ke buga shi, ba ta gajiya, ba ta numfashi, ba ta rage hannu kamar yadda makaɗi mai rai ke yi in ya ga dare ya yi nisa. Sa'annan yawancin maganarsu rabuwa ce da yaudara da kewa, abin da saurayi ke nema da gangan don ya ji zafinsa, magidanci mai iyali kuwa yana da nasa zafin da ya ishe shi.

Abin lura shi ne, a duk kaɗe-kaɗen Hausa, waƙar da aka yi musamman domin kwantar da hankali mata ne suka yi ta, kuma ba ta taɓa zama hajar masu sayar da kaset ba. Ita ce waƙar reno. Ba ganga, ba kirari, murya ce ƙasa-ƙasa, ƴan kalmomi kaɗan da ake ta maimaitawa, da tafin hannu yana bubbuga baya a hankali. A 2018 masu bincike na jami'ar Harvard ta Amurka suka sa wa mutanen ƙasashe 60 guntayen waƙoƙi daga ƙananan al'ummu 86 da ba su san harshensu ba, sai ga shi suna iya rarrabe waƙar reno da ta rawa. Siffofin nan nata su ne ma'auni mafi sauƙi ga babba ma: taushi, maimaici, rashin gaggawa, da muryar da ba ta neman komai a wurin mai sauraro. Ita kuwa mai renon, wadda ta riga kowa tashi ta kuma bi bayan kowa kwanciya, ba kasafai ake tambayarta abin da take so a kunna a tsakar gida ba.

Wanda ba ya jin kiɗa fa?

A jihar Maraɗi ba a yin wannan magana a tsallake malamai. Tun shekarun 1980 da Izala ta yi ƙarfi a tsakanin alhazan birni, gidaje da yawa sun rufe ƙofarsu ga kiɗa, kuma saɓanin ya girmi Izala nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda a ƙasar Gobir ya tashi, ya soki kaɗe-kaɗen wasa masu cakuɗa maza da mata, amma shi da ƴarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini kan sauraro, inda ya nuna hukuncinsa yana bin halin mai sauraro da lokaci da wuri da abokan zama, kuma sauti yana motsa abin da ya tarar a zuciya ne. Wasu malaman ba su yarda da sassaucinsa ba. Wannan shafi ba wurin yanke fatawa ba ne, kowa ya san malaminsa.

Abin da za a iya faɗi shi ne wanda ya bar kiɗa bai rasa abin huce gajiya ba. Akwai waƙoƙin da murya ce zalla: Infiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya da ya rasu a 1990, da Ishiriniya ta Alfazazi da ake rerawa a watan Mauludi. Sai dai ko a nan da zaɓi, domin baitocin bege dabam suke da baitocin da ke siffanta kabari da hisabi, waɗanda aka yi su don su hana gafalalle barci. Wa'azin raddi, inda malami ke amsa wa malami, shi kuwa ɗan'uwan waƙar siyasa ne wajen tayar da jijiya. Karatun Alƙur'ani ba a sa shi a layin kiɗa, amma shi ne abin da mutane da yawa ke rufe darensu da shi, kuma masu yin haka sun san bambancin karatun tartili na su Husari da Minshawi, mai tafiya daki-daki, da karatu mai sauri. Yana kuma da ladabinsa: in an kunna shi a yi shiru a saurara, kada a bar shi yana yi ana cinikin goro a kansa.

Wa ke zaɓa?

A zamanin kaset mutum shi ke zaɓen abinsa. Yakan tsaya gaban mai kaset a kasuwa, a sa masa ya ɗanɗana, ya biya, ya kai gida. Batir yana da tsada, saboda haka ba a kunnawa a banza. Wanda ba shi da rikoda yana da shirin zaɓi sonka na Rediyo Kaduna da Muryar Sahel, daga baya kuma gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, inda ake aika kati a jira a ji suna. Kaset mai minti 60 kuwa yana da wata baiwa da ba a lura da ita ba sai da ya tafi: kowane gefe minti 30 ne, in ya ƙare sai rikoda ta yi ƙaras ta tsaya, ɗaki ya yi tsit. Shirun nan da likitocin Pavia suka auna, kaset yana ba da shi kyauta kowane dare.

Yau mutum yakan miƙa katin salularsa ga yaron da ke loda waƙoƙi a bakin tasha, a cika masa shi da ɗaruruwan abubuwa da ƴan kuɗi kaɗan. Yaron da son ransa yake zubawa. Sai a ji Narambaɗa ya ƙare, waƙar biki ta faɗo, bayanta wa'azi, bayansa kiɗan kokowa, kuma abin ba ya tsayawa sai caji ya ƙare. Mai intanet nasa ya fi muni, domin a TikTok ba abin da ke kai minti biyu kafin wani ya ture shi, a WhatsApp kuma tsakanin waƙa da waƙa ne saƙon murya ke shigowa da labarin harin da aka kai wani ƙauye, ko hoton da bai kamata a gani da dare ba. Labarin tsaro wajibi ne a ji shi, musamman ga mai ƴan'uwa a bakin iyaka, amma ya fi kyau a ji shi tun da sauran haske, a kira wanda za a kira, kafin a nemi abin kwanciya.

Ƙarar sauti ma abin dubawa ce. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada baligi ya wuce sa'a 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80, kuma in ƙara ta haura haka lokacin yana raguwa da sauri. A sauƙaƙe, in na kusa yana jin abin da ke fita daga igiyar da mutum ya saƙala a kunne, ko sai an ɗaga murya kafin ya amsa sallama, to ya yi yawa. A ƙauyukan kudancin Gidan Rumji ba sai an yi wa kowa wannan gargaɗi ba, domin inda ake kasa kunne ga ƙarar babura cikin dare, ba mai toshe kunnuwansa biyu.

Kiɗa kuma ba ya kayar da shayi. Wanda ya sha na fari da na biyu da na uku a fada bayan isha'i, ya bi da goro, ko kora ta kwana tana yi idonsa biyu, domin sinadarin da ke cikinsu yakan yi wajen sa'a 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Mai hawan jini ma kada ya ce gurmi ya ishe shi; ya ci gaba da shan maganinsa, ya je a auna shi. Wanda kuma rashin barci ya bi shi makonni, ko firgita ta hana shi sakat tun bayan abin da ya gani, likita ya kamata ya gani.

Saura aikin da ba ya cin ko dala. In an koma wurin mai lodi, a ce masa ya buɗe wani gurbi dabam a cikin katin, a zauna kusa da shi a faɗa masa sunaye ɗaya bayan ɗaya, kada a bar shi ya ƙara nasa. Waƙa biyar ko shida sun isa, abin da bai wuce tsawon gefen kaset ba, mai ɗan motsi a farko, mafi sanyi a ƙarshe. A kuma ce masa ya kashe alamar nan da ke sa waƙoƙi su koma farko in sun ƙare.